Zauren Sauti: Amsar Tambayoyinku Kan Tekno Mai Amon Ƙarfe

Wasiƙun wannan wata kusan duk alƙibla ɗaya suka fuskanta. Daga Gusau, Ƙauran Namoda, Jega, Zuru, Argungu da Birnin Kebbi, masu situdiyo da masu hayar sipika da iyaye suna tambaya a kan wani kiɗan na'ura mai sauri da kaushi da ya fara yawo a wayoyin samari. Injiniyoyin sauti na wannan zaure sun zaɓi shida sun amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wanga kiɗi da yara ka saurare ga waya, babu waƙa babu kirari, sai duka awa injin niƙa ya lalace, mi as sunanai, kuma daga ina yah hito? Daga wani dattijo, Ƙauran Namoda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Kunnenka bai yi ƙarya ba, amon inji suke nema da gangan. Kiɗa biyu ne 'yan ɗaki ɗaya da ake yawan haɗa su a baki: indastiriyal tekno, wato tekno mai amon masana'anta, da hadko, ƙanensa da ya fi shi sauri da zafin kai.

Uwarsu tekno, baƙaƙen fatar Amurka ne suka haife ta cikin shekarun 1980 a birnin Ditiroit, garin ƙera motoci da masana'antunsa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mutum uku ake fara ambata, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, waɗanda suka yi makaranta tare a garin Belleville. Gangunansu akwatunan kiɗa ne na kamfanin Roland na Japan, TR-808 ta 1980 da TR-909 ta 1983, waɗanda ba su yi kasuwa ba da farko, suka koma kayan gwanjo da talaka zai iya saye. Har gobe dukan 909 ne ginshiƙin wannan kiɗa.

Amon ƙarfen ta wata ƙofa ya shigo. A Ingila ƙungiyar Throbbing Gristle ta kafa kamfanin faifai mai suna Industrial Records a 1976, can sunan ya samo asali. A Balin ta Jamus kuma ƙungiyar Einstürzende Neubauten, da aka kafa a 1980, tarkacen ƙarfe da injin huda bango take hawa dandamali da su. Hanyoyin biyu sun haɗu a farkon shekarun 1990, a gidan rawa na Tresor da aka buɗe a Balin a 1991 cikin ɗakin ajiyar kuɗi na wani tsohon kanti, da kuma Bamingam ta Ingila, inda mai haɗa kiɗa Regis ya kafa kamfanin faifai na Downwards a 1993, takwaransa Surgeon ya fitar da faifansa na farko a hannunsa. Hadko kuwa a Farankfot ta Jamus ya tsiro wajen 1990, ya yi girma a Rotadam ta ƙasar Holan, inda Paul Elstak ya kafa Rotterdam Records a 1992. Can gabba suke ce masa, wato aboki a bakin 'yan titi.

In kana son rarrabe su da kanka, riƙe agogo ka ƙirga dukan ƙasa, wato dukan babbar ganga da ake kira kik, na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Amapiano na tafiya a bugu 110 zuwa 115 a minti, tekno na asali 125 zuwa 135, mai amon masana'anta daga 135 zuwa wajen 150, hadko kuma daga 160 har 200 da ɗoriya.

Dalilin tashensa yanzu, a ganinmu, abu uku ne suka haɗu. Kullen korona na 2020 ya rufe gidajen rawa, matasa suka koma haɗa kiɗa a ɗaka da kallon masu sa faifai a intanet, da aka buɗe ƙofa kuma suka fito da yunwar abu mai zafi. TikTok ta ƙara wa wutar iska, domin bidiyon daƙiƙa 20 ba ya jiran kiɗan da ke ginuwa a hankali, wanda ya fashe nan take shi ke yaɗuwa. Sannan kayan aiki sun yi araha, kwamfuta 'yar gwanjo ta isa. Kuma kada a ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Singeli na Darussalam a Tanzaniya yana wuce bugu 200 a minti, kuma bikin Nyege Nyege da aka fara a Jinja ta Uganda a 2015 ya kai shi kunnen Turai. A Maris 2024 Jamus ta sa teknon Balin cikin jerin al'adun ƙasarta da ake adanawa.

Tambaya: Ina da ƙaramin situdiyo a Tudun Wada, Gusau, ina aiki da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Duk sanda na ɗora distoshin a kan kik don ya yi kaushi, sai nauyinsa ya gudu, ya koma kamar ana yaga buhun leda. In na ƙara bes kuma komai ya cakuɗe. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ɗan'uwa, ta nan kusan kowa ke faɗawa: ka ɗauki kik guda ka ɗora masa wuta duka a zama ɗaya. Kik gaɓa uku gare shi. Akwai kai, ƙyas ɗin farko da ba ya wuce milisakan 20, mazauninsa sama da 2,000 Hz (Hz ma'aunin yawan kaɗawar sauti ne a daƙiƙa, ƙaramar lamba amo mai kauri, babba amo siriri). Akwai ƙirji, tsakanin 100 da 300 Hz. Sai wutsiya, 45 zuwa 60 Hz, wadda tafin ƙafa ke ji kafin kunne. Aikin distoshin shi ne aske kan igiyar sauti, wannan askin ne ke haifar da sababbin muryoyi a sama: wutsiyar 50 Hz sai ta haifi 100, 150, 250 da sauransu. In ka matsa da yawa lokaci guda, 'ya'yan sai su danne uwar.

Fara da lissafi. Raba 60,000 da saurin kiɗanka. A bugu 150, tsakanin duka da duka milisakan 400 ne. Kik ɗin hadko zai iya cin 300 zuwa 350 daga ciki, tunda shi ne ganga shi ne bes. Na indastiriyal kada ya wuce 200 zuwa 220, a bar wa rugugin da za mu zo kansa wuri. Duk wutsiyar da ta kai 400 ta hau kan duka na gaba, cakuɗewar da kake ji ke nan.

Sai ka aika kik ɗin layi biyu a mikisa. A layin farko sa Fruity Parametric EQ 2, ikwalaizar da ake rage ko ƙara wani sashe na sauti da ita, yanke duk abin da ya haura 100 Hz da abin da ke ƙasa da 30, ka mayar da shi mono, wato hagu da dama iri ɗaya, kada distoshin ya taɓa shi. Wannan ne ajiyarka ta nauyi. A layi na biyu bar kik ɗin cikakke, ɗaga siririn wuri guda da desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) tsakanin 300 da 800 Hz, sa Fruity WaveShaper ko Fruity Fast Dist daidai wa daida, bi shi da wata ikwalaiza ka rage tsinin da ke soke kunne wajen 3,000 zuwa 5,000 Hz. Naɗe sakamakon a Edison, abin naɗar sauti na cikin FL Studio, ka sake zagayen a kansa, wannan karon ka ɗaga wani wuri dabam. Zagaye uku masu sauƙi sun fi ɗaya mai tsanani nesa ba kusa ba, kamar yadda maƙeri ke mayar da ƙarfe wuta tsakanin duka da duka. Bayan zagayen ƙarshe ne kawai za ka yanke ƙasan 100 Hz a wannan layi. In ka yanke tun farko, ka hana distoshin uwar da zai haifi 'ya'ya da ita, sai a koma ga ledar nan.

In ka haɗa layukan biyu ka ji sun fi rauni a haɗe fiye da a rarrabe, igiyoyinsu ne ke karo, ɗaya na turawa ɗaya na ja. A 50 Hz zagaye ɗaya milisakan 20 ne, don haka jinkirin milisakan 10 kacal ya isa ya shafe nauyin ƙurmus. Juya fuskar igiyar layi ɗaya a mikisa, ko ka riƙa gusar da shi milisakan ɗaya-ɗaya har ka ji ƙasa ta cika.

Rugugin da ke birgima a ƙarƙashin indastiriyal tekno daga kik ɗin kansa ake tatso shi, shi ya sa bes na dabam ba ya zama. Buɗe layi na uku, sa Fruity Reeverb 2 mai ba sauti amsa-kuwwa, kashe busasshen sauti, wato na asali, ka bar jiƙaƙƙen, wato amsa-kuwwar, kaɗai, tsawonsa daƙiƙa 2 zuwa 3. Yanke abin da ya haura 150 Hz, ɗan kausasa shi, mayar da shi mono. Daga nan sa Fruity Limiter a ɓangaren kwamfiresa, ka ɗaura shi da kik ta yadda duk sanda kik ya faɗo rugugin zai duƙa, ya miƙe bayan milisakan 150 zuwa 200. In babu wannan duƙawa, kunu za ka dama.

Abu guda da ba a cika faɗa wa masu situdiyon shago ba: ɗakin ma ƙarya yake yi maka. Ɗakin siminti mai tsawon mita 3.4 yana amsa amo daidai a 50 Hz. A tsakiyarsa bes ɓacewa yake, a jikin bango ya kumbura. Wanda ke zaune a tsakiya zai yi ta ƙara bes ɗin da tuni ya yi yawa. Matsa kujerarka zuwa kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin da ɗan ɗoriya. Kwalin ƙwai a bango ba ya taɓa bes ko kaɗan, katifa mai kauri a kusurwa ta fi shi amfani. Ka bar babban layin fita yana tsayawa wajen desibel 6 ƙasa da sifili kafin gyaran ƙarshe, ka kuma gwada a ƙaramar sipikar waya. Ita ba ta iya fitar da 50 Hz, layinka na biyu ne zai sa a ji kik ɗin a cikinta.

Tambaya: Sana'ata hayar kayan sauti a Jega. Ina da wufa huɗu, wato manyan sipikun bes, masu inci 18, kowace wat 600, om 8, da amfi biyu masu ba su ƙarfi. Shekara biyu ina zuwa biki da wa'azi ba abin da ya taɓa ƙonewa. Daren da wasu ɗalibai suka yi haya suka sa wannan kiɗa, biyu suka mutu kafin sha ɗaya, alhali maɓallin amfi bai kai ƙarshe ba. Mai gyara ya ce koyil, wato naɗin wayar tagulla da ke cikin wufa, ya yi baƙi ƙirin.

Amsa: Allah ya mayar da alheri, maigida. Baƙin koyil ɗin ya riga ya ba da shaida: zafi ne ya kashe su. In da bugawa ce ta wuce iyaka, da za ka ga gindin koyil ya lotse ko takardar ta yage.

Muryar mai wa'azi da waƙar biki suna numfashi, a tashi a sauka, ƙololuwarsu kan ɗara matsakaicinsu da desibel 12 ko fiye. A cikin waɗannan saukar ne koyil ke shan iska. Hadko an riga an aske shi tun daga situdiyo, tazarar ƙololuwa da matsakaici kan dawo desibel 6, wani lokaci ƙasa da haka. Kowane desibel 3 ninkin wuta ne. Ke nan a ƙara iri ɗaya a idon mita, koyil ɗinka yana shan zafi ninki huɗu, sau 160 ko fiye a minti, babu hutu. Ga kuma tarkon da ke biye: tagulla in ta yi zafi tana ƙara tauri ga wucewar wuta, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Bayan awa ɗaya sauti ya ragu da kansa, mai sa kiɗa ya ji ya ragu ya ƙara, zafi ya ƙaru, sauti ya sake raguwa. Haka za a yi ta yi har gam ɗin koyil ya narke.

Maɓallin gaban amfi kuma ba ya ƙayyade iyakar wuta. Ƙofar shiga kawai yake ragewa. In mikisa ta turo sauti mai ƙarfi, amfi zai kai ƙarshen ƙarfinsa ko da maɓallin na rabi.

Maganin limita ce, mai hana sauti wuce iyakar da aka sa masa, wadda ke cikin akwatin rarraba sauti tsakanin mikisa da amfi, kuma da mita ake saita ta. Ga wannan kiɗa, ɗauki rabin wat ɗin gaskiya na wufar, wanda aka rubuta RMS. Lambar PMPO ta jikin kwali talla ce, kada ka yi lissafi da ita. Rabin 600 shi ne 300, ninka da om 8 ka sami 2,400, lambar da in ta ninka kanta za ta ba da haka ita ce 49. Cire wayoyin sipika daga amfi, sa mitar gwajin wuta a ɓangaren AC a bakin fitar amfi, kunna tsantsar sautin gwaji na 50 Hz daga waya, ɗaga mikisa har fitilunta su taɓa ja, sannan ka riƙa sauke limita har mita ta tsaya a bolt 49 ta ƙi wucewa. Kulle akwatin da lambar sirri. Ko wufa biyu ka jera a baki ɗaya, bolt ɗin bai canza ba. Abin da ya canza nauyi ne: om 8 biyu a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4, huɗu sun koma om 2, kuma amfi da yawa ba sa jure om 2 a irin wannan aiki. Wufa ɗaya ko biyu a kowane baki, kada ka wuce.

A akwatin dai, yanke duk abin da ke ƙasa da 35 zuwa 40 Hz. Akwatin wufa mai ramin iska ba ya riƙe takarda a ƙasa da haka, sai ta yi ta lilo a banza. Raba tsakanin wufa da sipikun sama a 90 zuwa 100 Hz. Tuwita ma, ƙaramar sipikar siraran amo, tana cikin haɗari, domin kaushin kiɗan nan yana tura mata wutar da waƙar biki ba ta taɓa tura mata ba, don haka ita ma a ba ta tata limitar.

Janareta na da nasa hannu a ɓarnar. Mai kVA 5 ka ɗauke shi a wat 4,000, ka kuma bar kashi 30 cikin ɗari a sake. In fitilu na lumshewa tare da kowane duka, ya gaza. Wuta in ta faɗi ƙasa da bolt 200 daga 230 da ake so, amfi zai fara aske sauti tun bai kai inda ya saba ba. Ware wa firji da fanka wani injin. Wayar sipika kada ta gaza kaurin 2.5 mm², in ta haura mita 15 a koma 4. Warware nannaɗaɗɗiyar wayar jawo wuta gaba ɗaya, a nannaɗe zafi take tarawa. A watan Afrilu, da Jega ke haura digiri 40 da rana, sa wa amfi fanka ta baya, ka wanke soson tace ƙurarsa, musamman bayan hunturu. Amfi ne ƙarshen kunnawa, shi ne farkon kashewa.

Biyun da aka sake naɗa wa koyil, gwada su kafin a ɗaure: mita ta nuna om 5 zuwa 7, in ka taɓa ƙaramin batir da waya mai ja a kansa takarda ta turo waje. Wadda ta ja ciki an juya mata waya, za ta cinye bes ɗin 'yar'uwarta. Ka riƙa lissafa su ƙasa da wat ɗinsu na da, gam ɗin kasuwa bai kai na kamfani jure zafi ba. Kuma ka tambayi irin kiɗan da za a sa tun kafin a yi ciniki, wannan daren kuɗinsa dabam ne.

Tambaya: Ni DJ ne a Zuru. Yaya zan tashi daga amapiano ko afrobit in shiga tekno mai bugu 150 ba tare da fili ya watse ba?

Amsa: Abokin aiki, kada ka ja maɓallin sauri daga 112 zuwa 150, muryoyi za su lalace, ƙafafu su rikice. Lissafi ya ba ka gadoji biyu. Afrobit mai bugu 100 da tekno mai 150 suna haɗuwa, duka biyu na wancan daidai yake da duka uku na wannan. Amapiano kuma in ka tsayar da shi a 112.5, duka ukunsa daidai da huɗun tekno mai 150. Kashe maɓallin daidaita kai, kama da hannu, zaɓi wurin da amapianon ya rage sai kacau-kacau, ka shigo da teknon bes a kashe. Ƙirga duka 32 na teknon, kusan daƙiƙa 13, sai ka yi musaya a lokaci guda: kashe bes ɗin tsohon, buɗe na sabon. Kik biyu kada su taɓa zama tare a buɗe.

Kashe makullin murya, wato maɓallin da ke hana murya sauyawa in an canza sauri, in canjin saurinka bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba, yana dusashe kan kik. Fayil ɗin da aka tatso daga YouTube ko MP3 mai 128 zai tona maka asiri a manyan sipiku, saman kiɗan zai koma kamar ana soya mai, nemi 320 ko WAV. Ra'ayinmu kuma, a taron biki minti biyar zuwa goma sun isa. Mutanen da suka zo taya amarya murna ba wannan suka zo ji ba. Lokacin tashi da iyakar ƙara, ka daidaita da mai unguwa da hukumar da ke kula da taruka a garinku tun da rana.

Tambaya: Ɗana mai shekara 17 kullum abin kunne na kunnensa yana jin wannan kiɗa. Yanzu yana cewa kunnensa na yin ƙara kamar kukan gyare, sai na kira shi sau biyu yake juyowa. Ina kuma tsoron kada abin ya ja shi ga shaye-shaye. Daga wata uwa, Birnin Kebbi.

Amsa: Hajiya, batun kunnen nan a ɗauke shi da gaggawa. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi da ke karɓar sauti, wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Kukan gyaren nan kukansu ne na neman agaji. Ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 100 minti 15 kacal. Waya da abin kunne in an ƙure su suna iya kai 100. Wannan kiɗa ya fi sauran haɗari saboda ba ya sassautawa, kuma kunne kan saba da shi cikin 'yan mintuna, yaro ya ji kamar ya ragu ya ƙara.

A kai shi a auna jinsa a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato na da wannan sashe, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Kada a ɗiga masa mai ko ruwan magani ba da umarnin likita ba. In ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, a tafi a ranar, kwanakin farko ne ke da amfani wajen magani. Kafin nan ya huta da abin kunne kwana biyu zuwa uku, in ya koma kada ya wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarar waya, ya riƙa cirewa bayan kowace awa. Ya daina sawa a kan babur ko kusa da janareta, can ne ake ƙure ƙara don a danne hayaniya. Gwaji mai sauƙi: tsaya nesa da shi da tsawon hannu ki yi magana yadda kika saba, in bai ji ba ƙarar ta yi yawa.

Shaye-shaye kuwa, ba za mu ɓoye miki ba, a wuraren rawar wannan kiɗa a Turai ƙwaya na yawo sosai. Amma jin sa a waya ba shaida ba ce a kan ɗanki. Abokai za ki duba, da barcin da ya wuce ƙima, nauyin harshe, ɓatan kuɗi a gida, ko farfaɗiyar da bai taɓa yi ba, wadda tiramol ke iya kawowa. Ki zauna ki ce ya nuna miki abin da yake ji, yaron da ake saurara ya fi saurin faɗin gaskiya. Hukuncin kiɗa a addini kuma na malamai ne, su za a tambaya.

Tambaya: Ni ɗaliba ce daga Argungu, ina koyon haɗa kiɗa a FL Studio Mobile. Ba na son in zama mai kwaikwayon Turawa. Da me zan gina nawa?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan tambaya ta faranta mana rai. Mutanen Balin sai da suka shiga tsofaffin masana'antu neman amo, gidan rawarsu na Berghain ma tsohuwar tashar wutar lantarki ce. Ke kuwa amon na ƙofar gidanku: masaba a kan uwar maƙera, numfashin zuga-zugi, injin casar shinkafa, mai walda na yankan ƙarfe, kuge, shantu, taɓarya a turmi. Akwai wanda ya fi su duka, kiɗan ruwa. Kifa ƙwarya a kan ruwa cikin baho ki doke ta da dunƙulen hannu, za ki ji kik da kansa, da kai da ƙirji da wutsiya. In kin ɗan ɗaga gefenta iskar ciki ta ragu ko ta ƙaru, muryar za ta sauya.

Wajen naɗa, nemi manhajar da ke ajiye WAV, ki kashe mata rage hayaniya da daidaita ƙara da kanta, domin su biyun suna ɗaukar duka a matsayin ɓarna su shafe shi. Kada ki tura wa kanki ta saƙon muryar WhatsApp, matse sauti yake yi. Ƙarfe ki ba shi tazarar kamu biyu zuwa uku, ƙwarya da turmi kamu ɗaya, ki duba kada ma'auni ya taɓa ja. Sautin da ya fashe tun wajen naɗa ba ya gyaruwa, kaushin da kike so daga baya za ki sa shi da hannunki. Rufe bakin makirfon da ɗan soso saboda iska. Sassafe ya fi, kafin babura su fito. Ki guji wurin da janareta ke aiki: gurnaninsa a 50 Hz yake, daidai mazaunin wutsiyar kik, in kin yanke shi kin yanke nauyinki.

A manhaja, datse kowane duka daga daidai farkonsa, ki sa masa dusashewar milisakan 5 a ƙarshe don kada ya yi ƙyas. Dukan turmi in kin sauke shi da rabin murya 12, kowane amo a cikinsa ya koma rabi, tsawonsa ya ninka, sai ya zama ganga mai ban tsoro. Dukan masaba ki yanke masa ƙasan 300 Hz ki ɗora shi tsakanin kik da kik. Gurnanin injin casa ki naɗi daƙiƙa 30, ki sa shi a baya yana duƙa wa kik kamar yadda muka gaya wa mai situdiyon Gusau.

Wurin da za ki fi kowa shi ne lugude. Mata uku a turmi ɗaya suna tafiya uku-uku, tekno kuma huɗu-huɗu yake, haɗuwar ukun da huɗun ce za ta ba kiɗanki tafiyar da ba a saba ji ba. Ke kina iya shiga cikin gida ki naɗo shi inda namiji ba zai shiga ba. Kuskuren da ake yi shi ne a tilasta luguden ya hau layukan manhaja na gida 16, sai ya sandare ya rasa rangajinsa. Mayar da layukan zuwa rabon uku, ko ki kashe su gaba ɗaya, ki ɗauki zagaye huɗu cikakku yadda matan suka yi shi, da tafinsu da jefa taɓaryarsu sama, sannan ki daidaita saurin kik ya bi su. Haka za ki yi wa kalangu ma.

Sai haƙƙi. Ki nemi izinin duk wanda za ki naɗa, ki gaya masa abin da za ki yi da shi, ki sallame shi, kuma muryar matan aure kada ta fita sai da yardarsu. Yanko kotson Musa Ɗankwairo Maradun daga tsohon kaset yana da jan hankali, amma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, shi kuma a 1991 ya rasu, don haka sai da izinin magadansa. Ya fi miki sauƙi ki nemi mai kotso mai rai ya buga miki sabo, ki naɗe shi duka ɗaya-ɗaya, mai ƙarfi da mai sanyi, kowanne sau biyar, sannan ki bar shi ya saki hannu na minti biyu. Asalin fayilolin ki ajiye su wuri biyu, da suna da rana da garin da aka naɗa, kafin ki taɓa su da komai.